Man da ke cikin ƙafar babur: daga Jamus ta 1935 zuwa rairayin N'Guelbély



Makon jiya, cikin shirinmu na hantsi, wani mai sauraro ya bugo waya daga wajen N'Guelbély. Tambayarsa gajera ce. Ƙafar gaban babur ɗinsa ta dama tana tsiyayar mai, har ƙura ta manne ta yi baƙi, ya kai gareji, mai gyara ya duba ya ce masa ya bar ta haka, tunda inji na tashi kuma taya na juyawa ba wata matsala. Shin gaskiya ne? Lokaci ya ƙure mana a ranar, muka yi masa alkawarin amsa a rubuce. To ga ta. Amsar a taƙaice: ba gaskiya ba ne, Malam. Amma domin ku gane dalili sai mun koma baya kaɗan, saboda ɗan man nan da ke tsiyaya, wanda bai kai kwatan lita ba, sai da aka yi shekara hamsin ana kera babur kafin a gano inda ya kamata a zuba shi.

Babur na farko mai aiki da fetur, wanda Gottlieb Daimler da Wilhelm Maybach suka haɗa a Jamus a 1885, jikinsa katako ne, ƙafafunsa ma katako ne da aka zagaye da ƙarfe, kamar na amalanken shanu. Duk dutsen da ya taka, kai tsaye yake isa ƙashin bayan mahayi. A 1888 John Dunlop ya fito da taya mai iska, kuma a 1894 kamfanin Hildebrand da Wolfmüller na birnin Munich ya fara kera babur domin sayarwa ga jama'a. Iskar taya ita kaɗai ce katifar mahayi a lokacin. Tana isa idan ana tafiya a hankali. Da injuna suka ƙara ƙarfi, gudu ya ƙaru, sai ƙarfen gaba ya fara karyewa, hannun mahayi kuma ya riƙa sagewa.

Maganin da ya fara zuwa ran kowa shi ne sifirin, abin da muka koya a lakkal da sunan rasor. Aka yi ƙafar gaba mai gaɓoɓi, tana hawa tana sauka, da sifirin a tsakiya. Wannan ya rage duka, amma ya kawo wata sabuwar cuta. Sifirin ba ya cinye ƙarfin da aka ba shi, ajiya kawai yake yi. Ka danne shi, ya mayar maka da abin da ka ba shi cif. Taya ta faɗa rami, sifirin ya matse, ya sake miƙewa da ƙarfi ya cilla gaban babur sama, nauyi ya sake danne shi, ya sake cillawa. Rami ɗaya, tsalle uku ko huɗu. Kuma duk lokacin da taya take sama ba ta taɓa ƙasa, a wannan ɗan lokacin ba ka da birki, ba ka da sitiyari. Kana zaune ne kawai a kan ƙarfe mai gudu.

A riƙe wannan, domin shi ne ginshiƙin maganar duka: sifirin ne ke ɗauke da nauyi, amma ba shi ke kwantar da babur ba. Dole a sami wani abu na biyu da zai sha ƙarfin tsallen.

Abin da suka fara yi shi ne guga. A gaɓar ƙafar suka sa fayafayai masu goga juna, da wani ɗan murfi da mahayi zai murɗa da hannu, ya ƙara matsi ko ya rage. Yawancin baburan Ingila na shekarun 1920 da 1930 haka suke. Aibin guga kuwa duk wanda ya taɓa tura buhun gero a kan siminti ya san shi: farkon motsi ne mai wuya, da zarar ya motsa sai ya zame. Wato ƙafar tana ƙin motsi a kan ƙananan duwatsu, inda ake son ta yi laushi, sannan ta saki jiki a babban rami, inda ake son ta riƙe. Akasin abin da ake nema ke nan.

Dabarar mai ba daga babur ta faro ba. Sojojin Faransa suna da wata igwa da suka fito da ita a 1897, mai bakin milimita 75, wadda idan ta harba, bututunta ke ja da baya yana tura mai ta cikin ƙaramar kafa, man ya shanye ƙarfin turin, igwar ba ta gusa daga inda aka kafa ta ba. Masu kera jirgin sama suka ɗauki wannan dabara suka sa a ƙafafun sauka. Sai a 1935 kamfanin BMW, shi ma a Munich, ya fito da babura biyu, R12 da R17, masu ƙafar gaba irin wadda muka sani yau: bututu cikin bututu, sifirin a ciki, da mai. Su ne na farko da aka kera da yawa domin kasuwa da wannan tsari. Wani kamfanin Danmak mai suna Nimbus ya riga su yin bututu cikin bututu da shekara guda, amma nasa a lokacin sifirin ne kawai, man daga baya ya zo. Yaƙin duniya na biyu ya yaɗa abin. Sojan Jamus sun hau R12, Ingila ta mayar da martani da Matchless G3/L a 1941, Amurka kuma sai a 1949 Harley-Davidson ya bi sahu. Kafin 1960 tsarin ya mamaye kusan ko'ina, kuma har yau, shekara kusan casa'in, shi ne a gaban babur ɗin da ke ƙofar gidanku.

To me ke faruwa a ciki?

Ku ɗauki sirinji irin na allura, ku cika shi da ruwa. Ku tura a hankali, ruwa na fita ba gardama. Ku ce za ku tura da ƙarfi gaba ɗaya, sai ku ji kamar an tokare muku hannu. Ramin bai canza ba, ruwan bai canza ba, saurin ne ya canza. Cikin kowace ƙafa ta gaban babur akwai wata siririyar sanda mai rami a tsakiya, an ɗaure ta da ƙusa daga ƙasa, kusa da inda taya take. A jikin sandar akwai ramuka, manya a ƙasa, ƙanana a sama. Idan taya ta hau tudu, bututun sama mai ƙyalli yana nutsewa cikin na ƙasa, man da ke ciki ba shi da wurin zuwa sai ta manyan ramukan. Idan sifirin ya tashi mayar da ƙafar, wata ƴar ƙofa tana rufewa, sai man ya koma ta ƙananan ramukan. Shi ya sa lafiyayyar ƙafa take nutsewa da sauƙi amma ta dawo a natse. Da gangan aka yi haka. Nutsewa dole ta zo da sauri domin taya ta kauce wa dutse, dawowa kuma dole a ja mata linzami domin kada sifirin ya cilla mahayi.

Ƙarfin tsallen fa, ina ya tafi? Ya zama zafi. Matsa mai ta ƙaramin rami na ɗumama shi, zafin ya bi ƙarfe ya fita iska. Wanda ya yi tafiya mai tsawo a hanya mai gargada ya taɓa ƙasan ƙafar zai ji ɗumi, kuma ba rana ce kaɗai ta kawo shi ba.

Akwai abu na uku da mutane da yawa ba su lura da shi ba, har da wasu masu gyara. Ba a cika bututun da mai har baki. Ana barin fili a sama, iska ce a ciki, kuma idan ƙafar ta nutse sosai iskar nan tana matsewa ta zama kamar sifirin na biyu, ta hana ƙarfe dukan ƙarfe. Idan aka zuba mai ya yi yawa, fili ya ragu, ƙafar ta sandare, matsin kuma ya fasa zoben robar da ke tare man. Idan ya yi kaɗan, ƙafar ta riƙa bugawa ƙasa, kau, kau, a kowane rami. Saboda haka awo ake yi, ba a zubawa da ido, kuma ƙafa biyun dole su zo daidai.

Wannan tsari na sanda mai ramuka yana da nasa rauni, kuma mu nan mun fi kowa jin sa a jika. Tirjiyar mai ba daidai da sauri take ƙaruwa ba, ninkawa take yi: saurin nutsewa ya ninka biyu, tirjiya ta ninka kusan huɗu. Ke nan idan ka taka birki, ƙafar na nutsewa a hankali, man bai cika riƙe ta ba, gaban babur ya durƙusa. Idan kuma ka bugi bakin kwalta da ya karye da gudu, man ba ya samun hanyar wucewa, ƙafar ta zama kamar sanda, duka ya zo wuyan hannu. Masu tseren babur a daji su suka matsa aka nemo gyara. A shekarun 1980 aka fara sa wasu siraran fayafayan ƙarfe a bakin ramukan, masu lanƙwashewa idan matsi ya yi yawa, su buɗe wa mai hanya, su rufe idan ya lafa. Daga baya ma aka juya ƙafar, bututu mai kauri ya koma sama. Dattawan N'Guigmi sun ga irin waɗannan babura da idonsu, domin tseren Paris-Dakar, wanda tun zagayensa na farko a 1979 ya ratsa Nijar, ya yada zango a garinsu a 1992, shekarar da aka nufi Afirka ta Kudu maimakon Dakar. Ƙafar irin waɗancan babura tana nutsewa kusan santimita 30. Tamu ta kasuwa ba ta kai rabin haka ba. Amma hanyar da muke bi da ita kullum, ta fi kama da tasu fiye da titin da aka kera tamu dominsa.

Yanzu mu dawo gida.

Iyayenmu a kan mobilet suka fara. Ma'aikacin gwamnati, malamin lakkal, ma'aikacin gona da ke zagaya gonakin bakin Komadugu, in ya samu mobilet ya zama wani abu a unguwa. Ƙananan mobilet ɗin nan yawancinsu sifirin ne da giris kawai a gaba, ba mai, shi ya sa wanda ya hau su a hanyar burji yake tuna yadda haƙora ke haɗuwa. Bayansu Yamaha da Honda da Suzuki na Japan suka shigo, da yawansu ta Najeriya, domin mu nan Maiduguri da Gaidam da Damasak sun fi mana kusa nesa ba kusa ba da Yamai mai nisan fiye da kilomita 1,300. Kwalta kuwa guda ɗaya ce tak, hanyar ƙasa mai lamba 1, wadda ƙasar Kanada ta taimaka aka shimfiɗa ɓangarenta na Gure zuwa N'Guigmi a shekarun 1970. Ka sauka daga kanta kudu, laka ce da fadama. Ka sauka arewa, yashi ne.

Akwai wani babur da ya kamata a ambace shi da suna, domin jininsa na cikin kusan duk abin da muke hawa. A 1974 kamfanin Honda ya tura injiniyoyinsa ƙasashen kudu maso gabashin Asiya su ga yadda talakawa ke amfani da babur. Suka tarar ana ɗora mutum uku, huɗu, da kaya, ba a canza mai sai ya zama kwalta, ba a zuwa gareji sai abu ya tsaya cik. Maimakon su ce mutane su canza hali, sai suka koma suka kera babur da zai jure halin. Shi ne CG125, wanda ya fito a 1975. Da kamfanonin Sin suka shiga kera babur mai araha, wannan injin da wannan jikin suka fi kwaikwaya. Faɗuwar darajar sefa ta watan Janairun 1994 ta riga ta sa babur ɗin Japan ya fi ƙarfin aljihun mutane, to daga farkon shekarun 2000, da Kasea da ire-irensa suka cika kasuwa, sannan Boxer da TVS na Indiya suka biyo, sai babur ya tashi daga kayan ma'aikata ya koma jakin kowa. Mu da muka tashi a wannan lokacin mun ga yadda kabu-kabu ya zama sana'ar farko ta duk saurayin da ya bar lakkal. Manomin tattasai yana ɗaura jarkar esansi ya kai wa injin ban-ruwa. Mai kifi banda yana fito da kwali daga bakin tafki zuwa inda mota ke iya zuwa. Makiyayi, wanda kakansa ke kwana biyu a kan raƙumi kafin ya ci kasuwa, yana zuwa da hantsi ya koma rugga da la'asar. Mace mai naƙuda a ƙauyen da ba hanyar mota, a tsakanin mutum biyu ake ɗora ta zuwa likita.

Injin ya jure, kamar yadda Honda ta so. Ƙafar gaba ce ba wanda ya sake tunani a kanta. Tana nan yadda take tun shekarun 1970, an auna sifirinta da manta domin mutum ɗaya ko biyu a kan titi, mu kuma muka ɗora mata buhu biyu da tunkiya muka nufi tudun yashi.

Abokan gabarta a ƙasarmu uku ne, kuma mai sauraronmu na N'Guelbély yana zaune a tsakiyarsu. Na farko ƙura. N'Guelbély na cikin gundumar Maine-Soroa, can arewa da kwalta, ƙasar tuddan rairayi da kwaruruka. Rairayin nan mai laushi yana manne wa bututu mai ƙyalli, duk nutsewa ɗaya sai ya shiga ƙarƙashin zoben roba, yana cin sa kamar sandifefa. Roba ta ci, mai ya fara fita, man da ya fita ya ƙara kama ƙura, ƙurar ta ƙara cin roba. Wadda ta samu shiga ciki kuma ta gauraya da mai ta zama kamar toka, ta riƙa cinye ƙarfe daga ciki. Abin takaici, maganin wannan yana zuwa tare da babur: robar nan baƙa mai lanƙwasa kamar zugazugi da ke rufe bututun. Samarinmu da yawa suna yanke ta ranar da suka sayi babur, wai ta sa shi ya yi kama da na tsofaffi. Wallahi duk gayun da aka yi a garin nan ba wanda ya kai wannan tsada.

Na biyu zafi. Mai yana tsinkewa idan ya yi zafi, kowa ya san man shanu da safe da man shanu da azahar. A watan Afrilu da Mayu, da zafi ke haura digiri 40, ga kuma zafin da man ke haifarwa da kansa a hanya mai gargada, ƙafar da ta riƙe da kyau da asuba tana iya zama sakwaf kafin a isa. Man da aka yi domin wannan aiki an haɗa shi yadda ba zai tsinke da yawa ba, kuma ba zai yi kumfa ba, domin kumfa iska ce, iska kuwa ba ta tirjewa a rami. A garejinmu me ake zubawa? Wanda ya ji tsoron Allah ya zuba sabon man inji. Wannan da sauƙi, wasu tsofaffin littattafan babur ma sun yarda da shi, ko da yake yakan yi kauri da sanyin hunturu. Wani kuwa baƙin man da ya tsiyaye daga injin wani yake ɗiba ya zuba maka, da garin ƙarfen da ke cikinsa. Mu kanmu an taɓa yi mana haka a wani gareji a nan cikin gari, ba mu gane ba sai da aka sake buɗewa bayan wata biyu muka ga abin da ya fito.

Na uku lodi. Idan kaya sun riga sun danne sifirin rabi tun babur na tsaye, abin da ya rage wa rami kaɗan ne. Wasu suna cusa guntun bututu a saman sifirin domin gaban ya ɗaga. Yana ɗagawa, gaskiya ne, amma bai ƙara wa man ƙarfin riƙewa ba ko kaɗan.

Sai kuma abin da ya same mu wanda ba a rubuta shi a littafin kowane kamfani ba.

Ranar 6 ga Fabrairun 2015 Boko Haram ta kai hari Bosso da Diffa. Ranar 10 ga wata gwamnati ta kafa dokar ta-ɓaci a jihar, kuma cikin matakan da aka ɗauka har da hana zirga-zirgar babur, saboda a kansa maharan ke shigowa su fita. Ba mu ne farko ba. Maiduguri ta hana a 2011, Kano ta hana acaɓa a watan Janairun 2013 bayan harin da aka kai wa Sarki Ado Bayero, kuma daga baya, farkon 2020, yankin Tillaberi ya bi. Ba mu zo nan mu yi shari'ar dokar ba. Wanda ya kwana a garin nan a waccan shekarar ya san tsoron da ya haife ta. Amma ya kamata a rubuta abin da ta ci, domin ta zo tare da taƙaita cinikin tattasai da kifi da taki da esansi, wato duk igiyoyin da ke riƙe da kwarin Komadugu aka taɓa a lokaci guda. Ƴan kabu-kabu suka wayi gari ba sana'a. Masu sayar da kayan gyara suka rufe shago ko suka koma Damagaram. Adaidaita da tasi suka cike gurbi a cikin gari, amma adaidaita ba ta hawa tudun yashi. Wanda ya fi jin jiki shi ne na ƙauye, wanda ya koma kan jaki da amalanke da ƙafa, da mai haƙurin da tafiyar awa ɗaya ta koma masa ta yini.

Baburan fa? Wasu aka sayar da su da araha zuwa wasu jihohi. Da yawa aka tura su cikin ɗaki ko zaure aka rufe da buhu, ana cewa wata uku ne. Wata uku ta zama shekara biyar, domin sai a 2020 aka fara sassautawa, daga cikin garin Diffa. Ranar da aka fito da su, kowa inji ya duba: a wanke kafireto, a sa sabon filogi, a canza batir, a busa taya. Inji ya tashi, aka yi murna. Ba wanda ya tuna cewa shekara biyar zoben roba yana zaune wuri ɗaya cikin zafin ɗaki har ya bushe ya tsage, cewa damina biyar ta bar ɗigon tsatsa a jikin bututu, kuma kowane ɗigo wuƙa ne ga sabuwar robar da za a sa. Man ciki kuma ya kwanta, datti a ƙasa, ruwan raɓa a cikinsa.

Akwai asara ta biyu da ba a gani da ido, kuma a ganinmu ta fi ta ƙarfe. Gyaran babur a nan ba a lakkal ake koyonsa ba, a gindin maigida ake koya, yaro yana miƙa sifana shekara da shekaru yana kallo. Shekara biyar ba babur, zuriya guda ta yaran gareji ta watse. Wasu iyayen gidan sun tsufa, wasu sun canza sana'a, wasu sun rasu, Allah ya jiƙansu. Da babur ya dawo, aka samu masu gyara da yawa da suka iya canza abu amma ba su taɓa ganin an warware ƙafar gaba an wanke an auna mai ba. Ba laifinsu ba ne. Amma daga nan ne irin amsar da aka ba mai sauraronmu take fitowa. Tsofaffin hannu suna nan, a Diffa da Maine, ƴan kaɗan ne, a neme su, kuma yara su zauna kusa da su tun suna nan.

To, Malam na N'Guelbély, ga abin da tsiyayar nan take nufi. Ƙafarka ta dama ta rasa mai, ta hagu na da shi, ke nan ɗaya ce ke aikin biyu, kuma za ta gaji. In ta gaji ka koma zamanin kafin 1935, sifirin zalla. A kan yashi mai laushi ba lalle ka ji ba, domin yashin kansa yana shanye tsalle. Ranar da za ka ji ita ce ranar da ka hau kwalta da kaya, ka ƙara wuta, akuya ta ratso, ka damƙi birki a daidai inda titi ya yi gargada. Tayar gaba, wadda ita ke yin mafi yawan aikin tsayawa, za ta riƙa tsalle maimakon ta kama ƙasa. Ga kuma man da ke gangarowa: ƙarshensa wajen birki ne, kuma birkin da ya sha mai sunansa kawai birki.

Gwajin ba ya buƙatar kuɗi. Ka tsaya a ƙasa mai tauri, ka riƙe birkin gaba, ka danna kan babur da ƙarfinka ka saki. Lafiyayye zai nutse, ya dawo sau ɗaya, ya tsaya. In ya yi lilo sau biyu ko uku, ko ka ji ƙara a ƙasa ko a sama, man ya tafi ko ya mutu. Sannan ka goge bututun da tsumma, ka danna sau biyar, ka shafa yatsa. In ka ga zoben mai, roba ta ci. Ka bi bututun da farce, in farce ya maƙale a wani ɗigo, a goge shi da sandifefa mafi laushi kafin a sa sabuwar roba, in kuma ramin ya yi zurfi ko bututun ya lanƙwashe, canji ne kawai.

In ka shigo Maine ko Diffa, ka ce a buɗe ƙafa biyun, ba ɗaya ba. A zubar da tsohon man a gabanka, a wanke ciki, a sa zoben roba sabo a kowace, a auna mai daidai da abin da aka rubuta wa irin babur ɗinka, daga sabuwar kwalba da aka fasa kana kallo. In robar zugazugi ta yage ko an yanke ta, ka sayi wata a mayar kafin ka koma cikin rairayi. Ka bugo mana ranar Talata ka gaya wa jama'a launin abin da ya fito daga ciki.